Yayana da Ya Rufe Rijiyar Garinmu

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za a tattara mu. Yaya ya riga mu tafiya ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na Gwadangaji, bayan jinyar da ta ci masa damina da kaka. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yanzu ni kaɗai na rage a ɗakinmu.

Gidan ya cika fiye da yadda na zata. Abokan aikinsa na ma'aikatar ruwa sun zo daga Sakkwato, suna ta faɗin ba a yi wanda ya san cikin ƙasar kwarin Rima kamarsa ba. A cikinsu akwai wani dattijo, tsohon mai sarrafa injin haƙa rijiya, wanda rabin fuskarsa da hannunsa na dama duk tabon ƙuna ne. Da aka yi masa iso ya shigo gaida matar Yaya, sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya kasa cewa uffan. Ya ja gefen rawani ya rufe idonsa, kafaɗunsa na rawa, sai da aka kama shi aka fitar.

Washegari motar garinmu ta iso daga bayan Augie. Mata suka shigo da ƙoren shinkafa da albasa. Wata tsohuwa, maƙwabciyar marigayiya Innarmu, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta zauna ta ɗaga murya tana tambayar ta kusa da ita.

"Wai wa ya rasu? Wanda ya ruhe muna rijiya?"

Aka ce mata shi ne.

Ta ce, "Ayya. Allah shi gafarta mai."

Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Da wannan sunan aka san shi a garinmu, har yaran da ba a haifa ba lokacin da abin ya faru. Baffa ma ya zo, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne mai garin. Ya yi addu'a, ya zauna a zaure har rana ta karkata. Maigidana ya ce an kai masa ruwa ya ce ya gode, bai sha ba. An kai fura, bai taɓa ba.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina wurin sa'ad da aka haƙa rijiyar, ina wurin sa'ad da aka rufe ta, kuma ba wanda rufewar ta ci wa abin da ya fi nawa. In za a tuna da Yaya da ita, to a tuna da labarin gaba ɗayansa.

Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana. Yaya ya yi makaranta a Argungu, ya wuce Birnin Kebbi, daga nan sai jami'a. Inna ta sa rai za a dawo mata da likita ko alƙali, sai ga shi ya dawo da ƙaramar guduma da aljihu cike da tsakuwa. Ilimin duwatsu da cikin ƙasa ya karanta. Na tuna ranar da ya same ta tana daka gero a tsakar gida.

Ya ce, "Inna, kin san inda kike tsaye, da can teku na?"

"Wane teku? Rima ma ba ta isowa ƙoharmu sai damina ta yi albarka."

Ya zaro wani abu baƙi mai tsini daga aljihu ya ɗora mata a tafin hannu. Ya ce haƙorin wani kifin teku ne da ya zama dutse, a cikin farar ƙasa ya tsinto shi can gaba da Sakkwato. Inna ta jujjuya shi, ta miƙa masa abinsa.

"Duk shekarun ga da ka yi makaranta, haƙorin kihi ka samo man? Baffanka da bai yi boko ba kullum shina kawo man kihin ɗungurungum."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Haka yake. In ya tsinci ƙasa sai ya ɗanɗana da harshe, wai yumɓu ba ya ƙasƙas a haƙori, yashi kuwa yana yi. Ranar ɗaurin aurena aka neme shi aka rasa, ashe yana cikin ramin da ake ɗibar ƙasar gini, da babbar rigarsa, yana kankare bango. Maganarsa ɗaya ce a kan komai: "Bari mu ga abin da ke ƙasa." Ko faɗa aka kawo masa tsakanin miji da mata, da ita yake farawa. Shi ya tsaya kai da fata aka kai ni makarantar horon malamai, na dawo ina koyarwa a firamaren garinmu, na yi aure a nan.

Sai fari ya zo. Damina ta yi gardama, ta bayanta ta fi ta muni. Fadamar da muke shuka shinkafa ta tsattsage har ƙafar yaro na shigewa. Masunta suka kife jiragensu a kan yashi. Rijiyoyin gari suka koma ba da laka, daga baya lakar ma ta ƙafe. Abin da ya rage tafki ɗaya ne, kore shar, mu da shanu. Amai da gudawa suka shigo gari suka fara da yara. A lokacin ina da ɗiyata ta fari, ban daɗe da yaye ta ba.

Garuruwa da yawa ke jiran injin haƙa rijiyar burtsatse, kuma jihar da faɗi. Da layi ya zo kanmu, Yaya da kansa ya rako injin. Suka kafa shi a bayan makarantarmu. Ta tagar aji nake hango shi tsugune a bakin magudanar da laka ke fitowa, yana tarar ɓarɓashin da injin ke tonowa, yana jera shi tsibi-tsibi a ƙasa: ja, fari, toka-toka, sannan wani baƙin yumɓu mai kauri da aka daɗe ana fama da shi. Ya gaya mini cewa ƙasar nan shimfiɗa-shimfiɗa ce kamar an jibge tabarmi, yashi, yumɓu, yashi. In aka huda yumɓun aka tarar da yashi a ƙarƙashinsa, ruwan da ke matse a ciki da kansa zai hau.

Haka kuwa aka yi. Wata safiya muna tsakiyar darasi sai muka ji ihu. Ruwa ne ke tsiri daga bakin bututu, ya fi tsayin mutum, ba famfo ba komai. Na saki allo da alli na fita, yara suka riga ni. Mata na guɗa, tsofaffi na kabbara, wasu suka shiga ƙarƙashinsa da tufafinsu. Na tara hannu na sha. Sanyi ƙalau, ba gishiri ba ɗaci.

Yaya kaɗai ne ba ya murna. Ya durƙusa ya kara kunne a jikin bututun. Ruwan fari ne fat da kumfa kamar ana tafasa shi, kuma a ƙarƙashin ƙarar zubarsa akwai wani huci da ba ya yankewa. Na ga ya miƙe zumbur yana ɗaga hannu.

"Ku ja baya! A kashe wuta! A kashe injin!"

Guɗa ta danne muryarsa. Ma'aikatan suna da ɗan murhun da suke dafa shayi a gefen motarsu. Iska ta juyo. Na ga wuta ta bi ƙasa a guje kamar an ja zare, sai ji muka yi fuuu, bakin bututun ya kama. Mutumin da ke riƙe da injin yana tsaye daf da shi. Yaya ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi, suka faɗa cikin laka tare suna birgima. Shi ne dattijon nan mai tabo da ya kasa magana a gidan makoki.

Wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Ruwa na zuba, wuta na tsaye a kansa, gindinta shuɗi samanta ja, tana ruri. Wasu suka ce gidan aljannu aka huda. Liman ya tara mutane aka yi ta addu'a. Sai da aka yi kwana da kwanaki ana ɗura laka mai nauyi a bututun kafin ta mutu.

Da ta mutu, dattawa suka taru a ƙofar gidan Baffa. Mu mata muna bayan zana muna ji. Yaya ya yi musu bayani a hankali. Ya ce tun zamanin da teku ke shigowa ƙasar nan yana janyewa, ganyaye da ƙananan halittu sun yi ta mutuwa laka na binne su. Nauyi da zafi suka dafa su a can ƙasa, suka zama iska mai cin wuta, irin wadda ake sayarwa a tukunyar gas a birni. Baƙin yumɓun nan shi ne murfinta, mu kuma mun huda murfin.

Baffa ya ce, "To, mun ji. Wuta ta mutu, ruwa na nan. Sai mu kewaye wurin da ƙaya, mu sa mai tsaro, kowa ya zo da wuta a kore shi."

"Baffa, da ta cikin bututu kaɗai taka hitowa, da na yarda. Ku taso ku gani."

Ya kai su gindin bututun, ya zuba ruwa a tsagar ƙasa nesa da shi kaɗan, wurin ya ɗauki ɓulɓuli. Ya kai su tsohuwar rijiyar masallaci, wadda ke tsakiyar gidaje. Ya sa aka ɗaure kaza a kwando aka zura. Da aka jawo ta, wuyanta ya langaɓe.

Ya ce, "Ta samu hanya ta bayan bututu, ta bi yashi ta shigo ƙarƙashin gari. Kullum ƙaruwa taka yi. Ba ta da launi, ba ta da wari. Za ta taru ɗakin wata, ta tashi hura wuta da sahe. Garin ga kuwa duk jinka na da zana."

Baffa ya ce, "Wutar taka wataƙila ta. Ƙishirwa ko ga ta muna gani. Makon ga yara nawa munka kai kushewa?"

"Na sani, Baffa."

"In ka sani, ka raba muna ruwan da iskar. Ba karatun da anka tura ka ke nan ba?"

"Ana rabawa, amma ba ni da kayan, babu su jihar ga kaf. Kuma ko da akwai, ramin ya riga ya ɓaci. Sai an ɗura mai siminti tun daga gindi."

"In na hana fa?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musu da Baffa ba tun yana yaro. Ya ce, "Ka yi man aikin gafara. Ko ka hana, sai na ruhe."

Abu ɗaya ya yarda da shi: a ba gari wuni guda. Aka yi shela kowa ya kashe wuta, ba girki, ba taba, ko garwashi kada a bari a murhu. Da gari ya waye aka saki ruwan. Ban taɓa ganin wuni irin wannan ba. Tulu, randa, tukunyar tuwo, turmi, kwanon sha, butar alwala, babu abin da ba a fito da shi ba. Masunta suka kawo manyan gorunan da suke hawa in za su kamun kifi. Samari suka jawo jiragen ruwa daga kan yashi, suka liƙe tsagoginsu da tsumma, aka cika su a tsakiyar gari. Ba mai guɗa a ranar. Gudu kawai ake yi, a juye a koma, yara na kukan yunwa ba mai kula su. Yaya na tsaye a bakin bututun tun safe, yana duban inda iska ke kaɗawa.

Da la'asar ma'aikata suka fara kwaɓa siminti. Na sauke tuluna na je na same shi, ɗiyata na goye a bayana.

Na ce, "Yaya, ka bar muna ko ɗan siririn famfo. Mu mata za mu tsare shi. Wallahi ko ashana ba za ta kusanci wurin ba."

"Ba ya yiwuwa."

"Kai Birnin Kebbi za ka koma ka murɗa famfo. Mu ina za mu?"

Ya dubi yarinyar, ta miƙa masa hannu don ta saba yana ɗaukarta. Bai ɗauke ta ba, hannunsa duk siminti. Ya ce, "Zan kawo muku ruwa. Ki tafasa duk abin da za ta sha." Sai ya juya ya ce a zuba.

Ruwan da muka tara bai daɗe ba. Jiragen suka yi ta yoyo, rana ta sha sauran. Aka janye injin zuwa wani gari, don su ma mutuwa suke yi. Yaya ya ɗauki hutu, ya cika tsohuwar akori-kurarsa da durom, ya shiga jigilar ruwa daga Argungu, safe da yamma. Amma mota ɗaya ba ta shayar da gari. A bakin motar na ga matan da suka girma tare suna yaƙushin juna a kan kwano guda. Wanda bai samu ba ya koma tafki. Ni ina tafasawa in na sami itace, amma yarinyar da ta iya tafiya ba a ɗaure ta. Ko a gidan wa ta sha, ban sani ba har yau.

Da sassafe abin ya kama ta. Kafin hantsi ta daina kuka, idonta ya faɗa, in na ja fatar cikinta sai ta tsaya a tsaye. Da Yaya ya iso da durom, kallo ɗaya ya yi mata ya ce a sauke su maza. Na shiga gaba da ita a cinyata, maigidana ya hau baya, muka nufi asibitin Argungu.

A mashigin gulbi, inda ruwa ya ƙafe ya bar yashi, motar ta kafe. Yaya ya taka, taya ta ƙara nutsewa. Ya fita ya durƙusa yana tone yashi da hannu biyu, maigidana na karyo rassan geza yana turawa. Suka tura, ta ƙi. Yaya ya tuɓe riga ya cusa a ƙarƙashin taya, ya cire tabarmar sallarsa ya ƙara. Rana na tsakiyar ka. Yana tonewa yana leƙo ni ta taga.

"Ɗiga mata ruwan gishiri da sukarin nan. Kaɗan-kaɗan. Tana haɗiya?"

"Ba ta haɗiya, Yaya."

"Ɗiga mata dai!"

Da ƙyar muka fita. Ya kama gudu a kan hanyar da ba ta gudu ba ce, farcensa na jini a kan sitiyari. Mun fara hango rufin kwanon Argungu sa'ad da na ji jikinta ya saki. Na kira sunanta, na girgiza ta. Na rufe mata ido, na ja zanena na lulluɓe ta.

Na ce, "Yaya, juya."

"Mun kusa. Ga asibiti can."

"Na ce ka juya."

Ya ci gaba da tafiya kamar bai ji ba, sai da maigidana ya buga rufin motar sannan ya tsaya. Muka zauna a bakin hanya, injin na ta kaɗawa. Na dube shi na ce, "Ruwa na nan ƙarƙashin garinmu, mai sanyi, na sha da bakina. Kai ka ruhe shi."

Maigidana ya zagayo yana cewa, "Ki yi haƙuri, kwananta na ya ƙare. Kada ki yi saɓo."

Yaya bai kare kansa ba. Ya ce, "Ni na ruhe." Ya juya motar.

Shi ya haƙa kabarin. Duk wanda ya miƙa hannu zai karɓi fartanyar, sai ya girgiza kai.

Bayan wannan ya tare a Sakkwato, kullum yana ƙofar ofishin manyansa, har aka gaji da ganinsa aka maido injin. Wannan karon can hayin fadama ya kai shi, nesa da gidaje, kuma ya tsayar da haƙa kafin a taɓa baƙin yumɓu. Ramin farko bai ba da komai ba. Na biyu ya ba da ruwa kaɗan, na famfon tuƙa-tuƙa, kuma da nisa. Shi muke sha har yau. Amma kafin ya samu, gidaje da yawa sun kwashe sun bar gari, kuma an kai yara da dama, har da jikokin Baffa. Baffa ya rantse ba zai ƙara shan ruwan da ya fito ta hannun Yaya ba. Har yanzu jaki yake turawa wani ƙauye a ɗebo masa.

Ni ma na daɗe ba na yi masa magana. In ya zo gaida Inna sai in bar gidan. Bai taɓa aiko kowa ya ba ni baki ba. Sai da na haifi ɗana na biyu, wata rana na fito na tarar da wata doguwar randa a ƙofar ɗakina. An huda gindinta an sa ɗan famfo, cikinta an jera tsakuwa, gawayi da yashi wankakke, don tace ruwa. Maigidana ya ce Yaya ne ya kawo, ya haɗa ta da hannunsa a zaure, ya tafi bai shigo ba. Na bar ta nan kaji na hawa. Da yaron ya isa shan ruwa, na sa aka shigo da ita. Bayan sallar layya na shiga mota na tafi Gwadangaji.

A ranar na ga abin da ya zama. Ya rame, furfura ta fito masa. Ɗakinsa cike da kwalabe a kife, an toshe bakinsu da kakin kyandir. Na ɗauka babu komai a ciki. Ya ce iskar ce, ya tara ta tun kafin a rufe ramin, wasu kuma daga tsagar ƙasa kafin ta daina fita.

Na ce, "Mi za ka yi da ita? Ba ta ishe mu haka nan ba?"

Ya ce, "Abu biyu na. Ko dai 'yar kaɗan ta, daga gawayin ƙasa da ke kwance kusa-kusa, ko kuma daga can ƙasa taka tsattsahowa, inda babbar take. In babba ta, to kwarin ga duka bisa wuta muke zaune muna mutuwa da ƙishirwa. Da ita za a tada injin ban ruwa tun daga Augie har Ambursa. Ba wanda zai ƙara shan tafki." Sannan ya ce, "Ina son in san ko mi na ya ci yarinyar nan. Kada ta zan ta tahi a banza."

Wannan tambayar ita ta cinye sauran rayuwarsa. Ya ɗauki kwalabensa a cikin kwali da tsumma, ya je Sakkwato, ya je Kaduna, ya je har Legas. Wani wurin a saurare shi a ba shi shayi, wani wurin a ce mai ofishin ya fita. Sau ɗaya yaran mota suka wurgo kwalin daga saman bas, rabinsu suka fashe. Matarsa ta ce a tashar ya zauna yana tsintar gilashi kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Daga ƙarshe wasu masu neman man fetur suka zo da motoci biyu. Ranar kamar an yi masa albishir da Makka. Ya zaga da su kwazazzabai, ya nuna musu baƙin dutsen da ke ɓarewa falle-falle, suka ɗiba. Suka shimfiɗa wayoyi a ƙasa, suna buga ta suna sauraron amsawarta da na'ura. Sun girmama shi ƙwarai. Da za su tafi, babbansu ya gaya masa gaskiya. Ya ce alamun ba su da laifi, amma shimfiɗar duwatsun ba ta da kauri sosai a ɓangarenmu, sai an nausa arewa wajen iyaka take ƙaruwa. Ba mai iya cewa eh ko a'a sai an haƙa rijiya mai zurfin gaske, manyan injinan kuma duk suna gabas, wajen tafkin Chadi. Ya ce Yaya ya jira.

Ya jira. Aka yi rage ma'aikata, sunansa ya fito a ciki, bai fasa ba. Duk inda ya ji masu haƙa rijiya sun ce sun tarar da muguwar iska, ko wani ya suma a rami, sai ya shiga motar kasuwa ya tafi da gudumarsa da kwalba. Mutane suka fara cewa ya taɓu. Matarsa ta yi kuka, ta ɓoye takalmansa, ya fita da silifa. Ko da ƙafafunsa suka fara kumbura, likita ya ce ƙoda ce, in ya ji ƙarar babbar mota a titi sai ya ce a leƙa a gani ko su ne. Ba su dawo ba. Har ya koma ga Allah bai san ko babba ce ko ƙarama ba, ni ma ban sani ba.

Na zo jinyarsa da kaka ta kama. Wata rana da azahar, matarsa ta shiga kicin, ina zaune a bakin gado ina ba shi ruwa da cokali, don likita ya ce kada ya sha da yawa. Ya kawar da kai, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "In tambaye ki, ki gaya man gaskiya. Da ke ta ke riƙe da aikin ranar nan, mi za ki yi?"

Na so in faɗa masa abin da zai ji sanyi. Amma Yaya ba a yi masa haka, zai gane.

Na ce, "Da ban ruhe ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai kamar dama amsar da yake jira ke nan.

"Ni ma kullum sai na koma can cikin raina. In na bar ta buɗe, sai in ga ɗakin Inna shina ci da wuta, kuna ciki. In na ruhe, sai in ga yarinyar tana miƙo man hannu. Na juya shi ta ko'ina. Ban taɓa samun inda kowa ya tsira ba."

Na dubi cokalin da ke hannuna.

Ya ce, "Ki yahe man."

Na ce, "Na yahe maka, Yaya, duniya da lahira. Ni ma ka yahe man."

Ya lumshe ido. Can ya buɗe baki kaɗan, na ɗiga masa sauran ruwan cokalin, ya haɗiye.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da kayan da ya ɗauka shi kaɗai, ba wanda ya taya shi, har ni. Ka sauke masa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya shi, ka kai shi inda 'yar tawa take, ya ɗauke ta da hannu mai tsabta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.